Haƙorin da Ya Ƙi Bin Zare

Sana'a ɗaya ce na shigo da ita Amurka da ba wanda ya tambaye ni takardar shaidarta, ita ce cire wa yara haƙori da zare. Ita ce kuma ta kusa sa a kwantar da jikata a ɗakin tiyata a yi mata allurar barci, saboda haƙori ɗaya tal.

Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo da na ɗan taɓa. A gida kayan keke nake sayarwa a kasuwa. Da ƙarfi ya fara ja baya, 'yata ta fari ta ɗauko mu ni da matata Hajiya muka dawo wurinta a Greensboro, wani gidan haya mai hawa uku a bayan titin Wendover. Ita tana kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, mijinta yana aiki a wani babban sito. Ni kuwa aikina in raka jikata bakin titi ta hau motar makaranta, in dawo in zauna ina jiran lokacin salla. Mutumin da ya saba a yi layi a gaban shagonsa, yau ko na'urar ɗumama abinci ba a yarda ya taɓa ba, tun ranar da na sa kwanon silba a ciki.

A wurin wani suna aka gano ni. Wata yarinya tana ta kuka, haƙorinta na gaba yana girgiɗi, ta kasa cin nama. Na ce a samo mini baƙin zaren kitso. Na ɗaura, na ce mata, "Dubi ƙofa, wa ke sallama?" Tana waiwayawa na fizge. Ga haƙori yana lilo a bakin zare, ita ko ba ta ma san an gama ba. Mata suka yi ta shewa. Daga ranar na zama Baba Mai Zare. Duk taron da za a yi, sai an turo mini wani mai famfara. Har na sa Hajiya ta sayo mini ƙullin zare nawa na kaina a shagon kayan Afirka da ke titin Gate City, ina yawo da shi a aljihu kamar likita da abin awonsa.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin, duk haƙoran nan ko ban taɓa su ba, loma ɗaya ta tuwo za ta fitar da su. Ni dai ina zuwa ne a daidai gaɓar da yabo ke jiran mai ɗauka.

Jikata ita ce babbar mai tallata ni. Amarya nake ce mata, irin wasan da ke tsakanin kaka da jika, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai jan baki da goro. Ina yi mata Hausa, tana mayar mini da Turanci, muna fahimtar juna daidai gwargwado. Haƙoranta na gaba duk ni na cire. Na koya mata yadda muke yi a gida, a jefa haƙorin kan rufin ɗaki, a kuma rufe baki kada ƙadangare ya ga wawulo, sabon ya ƙi fitowa.

Ta ce, "Kaka, ai nan babu ƙadangare. Kurege ne kawai."

Na ce, "To ki rufe wa kuregen. Ban san halin na ƙasar nan ba."

Jifan ne yake ba ni kunya. Hannuna na dama a lanƙwashe yake, gwiwar hannun ba ta miƙewa, ba ta kuma ƙara lanƙwasawa, tun ina saurayi. Da hagu nake fizgar zare, da hagu nake jifa. Rufin hawa uku kuwa ba wasa ba ne. Na farkon da na jefa a kan motar maƙwabcinmu ya sauka. Duk yaron da ya tambaye ni abin da ya sami hannun, labari ɗaya nake ba shi: wani sa ne ya ƙwace a kasuwa ya nufi mata da yara, na tare shi na riƙe ƙaho. Na faɗa har ni kaina na fara tuna launin san.

Sai ga wani turmi a bakin jikata, can ciki ta ƙasa, da ya ƙi yin abin da 'yan'uwansa suke yi. Bai girgiɗa ba. Maimakon haka sai ka ga kamar yana nutsewa, na gefensa sun fi shi tsawo, har sun fara karkatowa kansa. Uwarta ta kai ta wurin likitar haƙori aka ɗauki hoto. Da suka dawo ta same ni a falo, ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Baba, don Allah wannan kar ka taɓa shi. Likita ta ce ya manne da ƙashi. Ita za ta cire da kanta."

"Ya manne? Da gam aka liƙa shi?"

"Haka dai ta ce, Baba."

"Likitar nan haƙori nawa ta taɓa cirewa?"

"Baba, ai aikinta ke nan."

"Ni ma aikina ke nan. Naki wa ya cire miki?"

Ta yi murmushi ta tashi. Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, an dai ce ka bari."

"Na ji."

"Na san ka ji. Barin nake tambaya."

Abin da ke raina shi ne, a ce ga ni a gida, a ɗauki haƙorin jikata a kai wa baƙuwa. Me zan ce wa mutane a wurin suna na gaba? Na ƙudura cewa in na fitar da shi, zan ajiye a kan faranti, in 'yata ta dawo daga aiki in tura mata gabanta ba tare da na ce uffan ba. Har yanayin fuskar da zan yi na shirya.

Wata rana da yamma Hajiya ta bi maƙwabciya Gate City sayen daddawa da garin tuwo. Jikata ta dawo daga makaranta, daga ni sai ita.

"Amarya, zo in ga mai taurin kan nan."

"Mama ta ce a'a."

"Gani kawai zan yi. Na taɓa sa ki kuka?"

Ban taɓa ba, ta kuma sani. Shi ya sa ta buɗe. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau: ba dabara ce ta buɗe bakin ba, yarda ce.

Da ƙyar na zagaya zaren, don haƙorin ya yi ƙasa sosai. Na ce ta dubi ƙofa. Ta san wasan, ta waiwaya tana dariya. Na fizga. Kanta ne ya biyo zaren gaba ɗaya, haƙori ko gezau. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce ban ɗaura da kyau ba ne. Na naɗe zaren a yatsa na sake fizga da duk ƙarfin da ya rage mini. Zaren ya yanki dasashinta, ya tsinke, na koma da baya na zauna daɓas a kan teburin falo. Jini ya cika mata baki. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni kawai, ta sa tafin hannu ta rufe bakinta, ta shige banɗaki ta kulle.

Da 'yata ta dawo, da ta yi mini faɗa da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta wanke wa yarinyar baki da ruwan gishiri, ta kawo mini abincina, ta ce, "Baba, a ci lafiya." Surukina kuwa ya ƙara tsawon gaisuwar da yake yi mini, har da tambayar gajiya sau biyu. Hajiya ce kaɗai ta tausaya mini ta zage ni.

Ciwon dasashi ya warke cikin 'yan kwanaki. Bakin ne ya ƙi buɗuwa. Tana cin abinci da ƙaramin cokali, tana magana ta tsakanin haƙora, buroshi ma sai ta shiga ta kulle ƙofa take yi. Ko uwarta ta ce ta gani, sai ta girgiza kai. Da safe in na raka ta bakin titi, takan sa hannayenta biyu cikin aljihun rigar sanyi. Na kira amarya, ba a amsa ba. Na ce na fasa auren, ba a yi dariya ba.

Ranar da aka sa musu suka je wurin likita, suka dawo yadda suka tafi. An lallashe ta, an nuna mata fim ɗin katun, an yi mata alkawarin abin wasa, ta datse. Likita ta ce ba za ta danne yarinya ta buɗe mata baki da ƙarfi ba. Haƙorin kuma ba zai yiwu a bar shi ba, don na dindindin yana ƙarƙashinsa yana neman hanya, na gefe kuma suna rufe masa wuri. Za a sake gwadawa sau ɗaya. In ta ƙi, sai a tura su asibiti a yi mata allurar barci a cire. Na ji 'yata tana faɗa wa mahaifiyarta a kicin. Ta ce ta san ana yi wa yara lafiya ƙalau, amma ita ba ta son ganin an tura 'yarta a kan gado an rufe ƙofa, a kan abin da da an gama shi a kujera.

Hajiya ta fito ta tsaya a kaina. "Ranar komawa da kai za a je."

"Ni in yi me? Ganina ma zai ƙara ɓata abin."

"Ka je ka ga aikinka."

Muka tafi mu huɗu. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata shekaru ba, ga fara'a. Jikata ta ƙi hawa kujerar, ta maƙale a jikin uwarta. Sai likitar ta ƙyale ta, ta juyo da allon kwamfuta wajenmu, ta ce bari ta nuna wa kaka, tunda an ce shi ma ma'aikacin haƙori ne. 'Yata ta fassara mini wannan ba tare da ta dube ni ba.

Ga abin da na fahimta, yadda aka mayar mini da shi Hausa. Ashe haƙori ba a dashe yake cikin ƙashin muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wata siririyar shimfiɗa ta jijiyoyi, ita ke riƙe shi, ita ke ba shi damar ɗan motsi. Ta nuna mana ita a hoton, wani baƙin layi siriri da ya zagaye saiwar kowane haƙori. A jikin turmin nan layin ya ɓace a wani wuri. Saiwa da ƙashi sun haɗe sun zama abu ɗaya. Ba nutsewa yake yi ba, in ji ta. Yarinyar ce ke girma, sauran haƙoran suna tasowa tare da ita, shi kuma yana nan inda ya tsaya. Na tambayi me ke kawo shi. Ta ce wani lokaci buguwa ce, wani lokaci ciwo ne ya shiga saiwar, wani gidan kuma gado ne, sau da yawa ma ba a gano dalili. Ta faɗi sunan abin da yaren likitoci, ankilosis, na maimaita a zuciyata don kada a ce ban ƙaru da komai ba.

Wato ranar nan ba haƙori nake ja ba. Muƙamuƙin jikata nake ƙoƙarin cirewa da zaren kitso.

Zafin ɗakin ya dame ni, na tashi cire rigar sanyi, Hajiya ta kama mini hannun riga kamar kullum. Likitar ta tsaya tana kallon hannuna. Ta nemi izini, ta ce in gwada miƙewa. Na ce ai rabonsa da miƙewa tun kafin a haife ta. Ta ce to wannan ma sunansu ɗaya da haƙorin. A gaɓa, kan kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi da ɗan ruwa, shi ya sa suke gogar juna ba sa kamawa. In karaya ta shiga cikin gaɓar, ko ƙwayar cuta ta sa ta ruru, ko amosanin gaɓɓai ya daɗe yana cinta, santsin nan yakan lalace. In kuma aka bar ta a ɗaure ba motsi na tsawon lokaci, sai nama mai tauri ya cike tsakanin, wani lokaci ƙashi ya tsiro ya haɗe su. Ta ce ita ba likitar ƙashi ba ce, amma me ya same shi?

Sai muka ji muryar jikata ta tsakanin haƙora. "Sa ne. Ya riƙe masa ƙaho."

Duk fushin da take yi da ni, ba ta yarda a rage mini jarumtata ba. Likita ta zaro ido. Na gyara zama zan fara, sai Hajiya ta yi gyaran murya, irin wanda na sani shekara da shekaru.

Na ce wa 'yata, "Fassara mata. Ba sa ba ne. Jaki ne. Shi ma ba ƙwacewa ya yi ba, tsaye yake, ni na faɗo."

'Yata ta dube ni. Ita ma da labarin san ta girma.

Na ba su sauran. Farkon damina ne na karye, maɗori ya jera karare ya ɗaure mini hannun. Da lokaci ya yi ya kwance, ya ce a riƙa miƙe shi kullum ana lanƙwasawa ko da zafi. Ranar farko da ya kama ya ja, na ji kamar raina zai fita. Daga nan in na hango shi tafe sai in haye cikin rumbu in ɓuya. Na mayar da tsumma na rataye hannun a wuya. Kuma na lura muddin yana rataye, ba mai ce mini in ɗauki fartanya. Yayyena suna gona, ni ina gindin bishiya ana kawo mini fura. Haka na ci daminar nan kaf. Da aka gama girbi na ce to yanzu bari in warke, hannu ya ce shi ma ya gama shawara.

Hajiya ta ce, "Da ya zo neman aurena, san guda biyu ne."

Jikata ta saki rigar uwarta. Karon farko tun ranar zaren ta yi mini magana kai tsaye, kuma da Hausa, irin tata mai karyayyen harshe.

"Kaka, tsoro ka ji?"

"Ƙwarai kuwa."

"Har yanzu kana ji?"

"Ni? Yanzu ai na girma."

Ta nuna kujerar da baki. "To hau."

Ban taɓa zama gaban likitan haƙori ba a rayuwata. Asuwaki da gawayi sun ishe ni. Na dubi 'yata ko za ta cece ni, ta fassara wa likita maimakon haka. Likita ta ce bismillah, a nata yaren. Na hau ina cewa wannan ai ba komai ba ne. Ba wanda ya gaya mini kujerar tana kwanciya da kanta. Ta fara tafiya da ni baya, ƙafafuna suka yi sama, hulata ta faɗi, na ƙwala salati da ƙarfin da ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta leƙo. Na damƙe hannun kujera da hagu, na dama kuwa yana nan a lanƙwashe kamar mai roƙon a yi masa rai. Aka haska mini fitila, aka ce in buɗe baki. Wallahi sai da aka faɗa sau biyu.

Likita ta ɗauki ɗan ƙarfe ta ƙwanƙwasa haƙorana ɗaya bayan ɗaya, don yarinyar ta ga babu zafi. Babu zafin kuwa, sai da ta iso wani turmi na sama da na daɗe ina tauna goro ta ɗaya gefen saboda shi. Na zabura na kama hannunta. Ta ce wannan ya ruɓe, sai an cire.

Dariya na ji, irin wadda ba a yin ta da rufaffen baki. Na karkato kai, ga jikata ta riƙe ciki, bakin nan a wangame har ina hango turmin da ya jawo mana duk wannan.

Da na sauko ta hau, ta ce kada a kwantar da kujerar sai ta ce. Ta ce kuma in koma bakin ƙofa in tsaya, hannuna a inda za ta riƙa gani. Na tsaya. Likita ta ƙwanƙwasa na gefe, sautin a dushe. Ta ƙwanƙwasa mai taurin kan, ya yi ƙara siririya kamar an buga cokali a bakin tangaran. Daga bakin ƙofa na ji bambancin, ni da kunnena ya fara nauyi. Ta shafa mata wani abu a dasashi, ta yi allurar kashe zafi, ta yi aikinta a hankali. Bai fito gaba ɗaya yadda nawa suke fitowa ba, gutsure-gutsure aka fitar da shi. Yarinyar ta yi hawaye, amma ba ta rufe ba. Daga baya aka sa mata wani ɗan ƙarfe da zai tsare wurin har na dindindin ya fito. Ba a je asibiti ba. A mota 'yata ta kifa kai a kan sitiyari ta daɗe kafin ta tayar.

Nawa aka sa wa rana. Na kawo dalilai iri-iri, har da cewa ciwon ya daina. Jikata ta ce ita za ta raka ni. Ta tsaya a gefen kujera ta riƙe mini hannun nan na dama da ba ya zuwa ko'ina. Da likita ta ɗauko abin cirewa, sai ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Kaka, dubi ƙofa, wa ke sallama?" Na san wasan, ni na ƙirƙiro shi, amma sai da na duba.

Mun roƙi likita ta ba mu haƙorin a 'yar leda. Da muka iso gida jikata ta ce ita za ta jefa, don ba ta son a sake jin kunya gaban maƙwabci. Ta ja baya ta wurga, ya haye rufin hawa uku bai dawo ba. Ta ce in rufe baki saboda kurege. Na ce mata nawa ba mai sake fitowa, ko duk kuregen Greensboro sun kau da kai. Ta ce in dai rufe.

Zaren kuwa Hajiya ta karɓe, ta yi wa yarinyar kitso da shi. A sunan da aka yi bayan nan wata mata ta jawo ɗanta gabana, ta ce, "Baba, ga naka." Na sa yatsa na taɓa, yana girgiɗi sosai, irin wanda da ko rufe ido na yi zan fitar. Hannuna har ya tafi aljihu. Na ce mata ta ba shi tuwo da nama ya ci.